Baffa Na Son Ɗan Sanda a Gida

A shekarar da na gama hidimar ƙasa na cika takardun neman aiki guda biyu, kamar yadda kowa ke yi don kada a zauna haka nan. Ɗaya na aikin mulki a ma'aikatun jiharmu, ɗaya na shiga horon hafsoshin 'yan sanda. Ban sa rai da ko ɗaya ba. Sai ga sunana ya fito a duka biyun, kuma dole in ɗauki ɗaya kafin ƙarshen wata.

Lokacin ina zaune a Birnin Kebbi, unguwar Badariya, a ɗakin soron gidan kawuna, ƙanen mahaifiyata, wanda ya yi ritaya yana mataimakin darakta. Shekara huɗu ina hutu a gidan, bai taɓa tambayata abin da nake karantawa ba. Ranar da labari ya kai masa sai ya sa aka shimfiɗa mini darduma kusa da kujerarsa, har da fura mai sanyi. Ya yi mini wa'azi na kusan awa biyu. Wai aikin mulki shi ne gwamnati, mai kaki kuwa tsaron ƙofa kawai aka ba shi, kuma shi kansa bai san adadin 'yan sandan da suka sara masa ba. Ina sauraro ina kallon wata tsohuwar kalandar ofis da ya ƙi cirewa daga bango. A gidan nake kwana, na san tun da ya bar aiki ko masinja bai tako ya gaishe shi ba. Sai da ya gaji sannan ya faɗi abin da ke ransa: ɗansa na fari da surukansa biyu ba su da aiki, in na shiga sakatariya ai an sami namu a ciki.

Ranar Juma'a na shiga mota zuwa garinmu Argungu. Mahaifina ya daɗe da rasuwa, gidanmu yana hannun yayansa, wato Baffa, mutumin da ya ce zuwana jami'a ɓata hannu ne alhali ana neman masu jan taru da yankan shinkafa. Bayan an sauko daga masallaci ya tara maza a zaure, ya zaunar da ni tsakiya yana ta kirana ɗanmu.

Dalili bai ɓoyu ba. Shekaru da yawa ana rigima tsakaninsa da maƙwabtan gonarmu ta fadama a kan wata 'yar iyaka, faɗinta bai kai tabarma biyu ba. An je gaban mai unguwa, an je gaban hakimi, duk wanda aka ba rashin gaskiya sai ya jira damina ya sake tura kunyar gonarsa ta ci iyakar.

"Wanga aikin biro mi zai yi muna?" in ji Baffa. "Kaki muka so. Ran da kat tsaya bakin hwadama da kakinka, ba mai sake matsa muna."

Na yi masa bayani a hankali cewa ɗan sanda ba ya zaɓen inda za a kai shi, ana iya tura ni kudu in shekara ban ga gulbi ba, kuma ko a Argungu nake ba aikina ba ne tsoratar da maƙwabta. Ya ce ba komai, in na zo hutu sai in taho da kakin a jaka. Ashe tun ranar Laraba ya aika wa maƙwabtan cewa su shirya. Wani ɗansa, wanda ya girme ni, ya matso yana tambaya ko daga yanzu zai iya hawa babur ba takardu. Na dube su ɗaya bayan ɗaya. Cikinsu babu wanda ya tambaye ni abin da ni nake so, kuma na tabbata da an ce akuya za a sa wa kakin, da akuyar za su zaunar a tsakiyar zaure.

Na shiga cikin gida na tarar da Inna, mahaifiyata, tana juya kifi a kan wuta. Hawan jini ya riga ya kama ta, kowane wata sai an kai ta asibiti a Birnin Kebbi. Ta ji duk abin da aka yi a zaure, domin Baffa ba ya iya magana ƙasa-ƙasa. Ba ta ce in ɗauki wannan ko wancan ba.

"Wanne ne za su bar ka kusa?" abin da ta tambaya ke nan.

Na ce na ofis. Ta ce Allah ya zaɓa mafi alheri, ta ci gaba da aikinta. Ranar Litinin na kai takarduna sakatariya.

Baffa ya yi kusan shekara yana amsa gaisuwata da ka kawai. In ya tashi ambatona a gaban mutane sai ya ce akawun nan. Kawu kuwa ya ɗauka huɗubarsa ce ta yi aiki, yana ta gaya wa abokan hirarsa a ƙofar masallaci cewa shi ya ɗora ni a hanya. Wata biyu da fara aikina ya miƙo mini ambulan da takardun mutum uku. A lokacin mu uku muke raba tebur ɗaya, kujera biyu, wanda ya makara ya zauna a kan taga. Aikina ɗaukar fayil daga wannan ofis zuwa wancan, da rubuta bayanin taron da ba mai karantawa. Da na gaya masa ba ni da ikon ɗaukar ko mai shara, sai ya ce ban iya aiki ba ne, a zamaninsu ba haka ake yi ba. A watan na kama ɗaki a unguwar Nasarawa na kwashe kayana.

Yau shekarata goma sha ɗaya a aikin. Ba zan ce ina sonsa ba. Na ga manya da ba sa sa hannu a takarda sai ka tsaya a kansu kana yi musu ranka ya daɗe, kuma na fara jin kalmar tana fita daga bakina ba tare da na shirya ba. Amma shekara bakwai da Inna ta ƙara a duniya, ni na riƙa kai ta asibiti da kaina.

Akwai abokin karatuna da ya ɗauki aikin ɗan sandan. Yana can wata jiha mai nisa, mukan yi waya lokaci-lokaci. Ya ce har yanzu danginsa na kiransa daga ƙauye ya sa a kama wanda shanunsa suka shiga gona, shi ya sa ranar kasuwar garinsu, da suka fi samun damar kira, yake kashe waya. Na tambaye shi ko yana da-na-sani, ya ce wani lokaci. Shi ma ya tambaye ni, na ce masa kusan kowace Litinin.