Kafaɗar Da Na Yi Ta Gogewa

Shekarata ashirin da huɗu a lokacin, ba aure, ba aiki, sai taurin kai da saurin fushi. A Makka aka haife ni, a unguwar Nakkasa, da aka rushe ɓangarenmu muka koma unguwar Shisha muka kama gida a hawa na uku. Iyayena 'yan asalin Kano ne, amma ni Hausata ta cikin gida ce, saboda haka a yi haƙuri in an ga ta karkace a wani wuri. Na rubuto ne a kan mahaifiyata, wadda yau hannunta na hagu ba ya ɗaukar ko kofin shayi, kuma wallahi da laifina a ciki.

Tun ina ƙarama nake zane, kuma ni ba fure ko tsauni ke burge ni ba, mutum nake son zanawa, yadda yake zama da yadda wuya ke ɗauke da kai. Da na sami labarin wani ajin koyon zane na mata a Jidda, na nace har aka bar ni ina zuwa kowace Asabar. Malamar 'yar Sudan ce, Ustaza muke ce mata. Takan kawo wata mata ta zauna a kujera cikin doguwar riga, mu kuma mu kewaye ta da takarda da gawayin zane. Ta koya mana awo: ki miƙe hannu, ki rufe ido ɗaya, ki auna tsawon kai da fensir, ki ga sau nawa ya shiga cikin jiki, sannan ki duba layin kafaɗu. Ni ce kurar baya a ajin. Ustaza ba ta san lallashi ba, rannan a gaban kowa ta ce mutanen da nake zanawa kamar buhun shinkafa ne da aka jingine da bango. 'Yan mata suka kwashe da dariya, ni kuwa tun daga Jidda har gida ina cika ina batsewa a mota. Ta kuma hana mu kwafa daga hoton waya, ta ce kowa ta nemi mutum mai rai a gida ya dinga zauna mata kullum.

To a gidanmu wa zai zauna? Yayana ya ce zanen mai rai haramun ne, kada in kuskura ya gani. Babanmu ya ɗaure fuska ya tashi ya bar wurin. Ƙanwata ta gwada, ko minti biyar ba ta yi ba ta ce bayanta zai karye. Umma ce kaɗai ta ce in zo ta zauna mini, amma da sharaɗi biyu. Na farko, kada in zana fuska, in bar wurin fari, don ta ji an ce hakan ya fi sauƙi a addini kuma hankalinta zai fi kwanciya. Na biyu, kada mazan gidan su gani. Na amince da gudu. Ku sani Umma abinci take dafa wa alhazan da ke sauka a unguwar Jarwal, tuwo da miyar kuka da waina, tun asuba tana tsaye a kan wuta. Duk da haka bayan la'asar, kafin maza su dawo, sai ta jawo kujerar roba kusa da taga ta zauna, hannuwa a kan gwiwa, carbi a na dama.

Makon farko lafiya lau. A na biyu na fara ganin kafaɗarta ta hagu tana fitowa ƙasa da ta dama a takarda. Na ce kuskurena ne, na goge na ɗaga ta. Kashegari ta sake sauka, na sake gogewa. Da abin ya ishe ni sai na juya laifin kan Umma. Na ce ta daina karkacewa, ta miƙe sosai, ai ba gyangyaɗi na ce ta zo ta yi ba. Ta ɗaga kafaɗar, kafin in gama auna gwiwa ta koma inda take. Sai kuma hannun hagu ya fara zamewa daga kan gwiwa, in tashi in mayar da shi da kaina, har da tsaki. Ni, ina yi wa uwata tsaki! Ita kuwa haƙuri take ba ni, ta ce gajiya ce, yau kaskon waina uku ta yi, gobe za ta gyara.

Akwai wata Laraba da ba na mantawa. Ina cikin aiki ta yi mini magana, sai na ji maganar ta fito da nauyi, ban gane me ta ce ba. Ban ko ɗaga kai ba. Na ce in barci take ji halas, shi ke nan, ta tashi ta kwanta, kuma in ba ta son zaman ta faɗa mini tun yanzu, ba sai ta dinga ɓata mini takarda ba. Na yi jifa da gawayin ya karye biyu. Bayan ɗan lokaci bakinta ya saki, ta ce ba komai, mu ci gaba. Muka ci gaba. Wata biyu cur ina zaune gaban matar nan kullum, na san faɗin ƙirjinta da tsawon yatsunta, amma idona bai taɓa haura wuyanta ba, tunda ba na zana fuska ban ga amfanin kallonta ba.

Ranar da na kai wa Ustaza tarin zanen, ta shimfiɗa su a ƙasa ɗaya bayan ɗaya bisa kwanan watan da na rubuta a gefe. Ina jiran zagi, sai na ga ta durƙusa. Shi gawayi ba ya goguwa gaba ɗaya, yana barin inuwa. Ta bi inuwar kafaɗun da na goge da yatsa, takarda bayan takarda, kowane mako layin ya fi na baya sauka. Ta tambaye ni wace ce wannan, na ce mahaifiyata. Ta ce layin da nake gogewa shi ne gaskiya, wanda nake bari ƙarya ne, kuma wannan ba maganar zane ba ce, in kai ta asibiti yau yau, don ita ma da haka mahaifinta ya fara kafin ya faɗi. A nan ne na yi wautar da ta fi duka. Abin da ya zauna mini a kai shi ne karo na farko ke nan da Ustaza ta ce na ja layi daidai. Daɗin wannan na dawo da shi Makka.

Na dai faɗa wa Umma, amma sama-sama, muna yanka albasa. Ta yi dariya ta ce yanzu malamar zane ce likita? Ta ce a bari alhazan nan su tafi tukuna, sauran kwana goma. Da na buɗe baki na faɗa wa yayana, da ranar ya saka ta a mota ko tana so ko ba ta so. Amma faɗa masa na nufin fito da takardun zanen da na ɓoye a ƙarƙashin katifa, shi ke nan ajin Jidda ya ƙare. Na yi shiru. Ban tsaya nan ba, na roƙe ta ta ƙara zauna mini sau ɗaya, in zana kafaɗar yadda take in kai wa Ustaza ta gani.

Ranar Talata ta zauna. Ina auna hannu sai na ji carbin ya faɗi ƙasa. Na ɗaga kai zan yi mita, a ranar ce na kalli fuskar uwata. Gefen bakinta na hagu ya zube, yawu na bin haɓarta, idonta na kaina tana ƙoƙarin kiran sunana ya ƙi fita. Innalillahi! Ihun da na yi har maƙwabtan hawa na ɗaya suka hau. A asibiti suka ce jalɗa ce, abin da a gida ake kira shanyewar ɓarin jiki. Likita ya tambaya ko an ga wata alama kafin yau. Babanmu ya ce a'a, yayana ya ce a'a. Ni kaɗai nake da amsa, har da rana da wata, kuma a gabansu na faɗa. Likitan ya ce ƙananan jalɗa ne suka yi ta zuwa suna wucewa, da an zo da wuri da akwai maganin da ake bayarwa, sauran kuma na Allah ne. Yayana ya dube ni kawai. Har yau bai ce mini uffan ba a kai, ni kuwa da ya mare ni da na fi samun sauƙi.

Ƙafar ta dawo kaɗan, maganar ma ta dawo, hannun bai dawo ba. Girkin alhazai ya tsaya. Ni ke yi mata wanka, ni ke ɗaga hannun in zura shi a hannun riga kowace safiya, ta ce Allah ya yi mini albarka. Kwanakin baya ta tambaye ni me ya sa na daina zane, ta ce yanzu ai hannun yana zama inda aka ajiye shi, ba zai ƙara wahalar da ni ba. Da zuciya ɗaya ta faɗa. Na shiga banɗaki na kunna famfo na yi kuka har na gode wa Allah.

Na san ƙaddara ce, kowa ya gaya mini, kuma na yi imani. Amma na san an nuna mini, an kuma faɗa mini da baki, na zaɓi abin da nake so a kan lafiyarta. Ba zanen nake zargi ba, son kaina nake zargi. Ina roƙon duk mai karanta wannan, ko me kake koyo, ko me kake nema a duniya, in uwarka ta ce gajiya ce kada ka yarda saboda yardar ta fi maka sauƙi. Ajiye abin da ke hannunka ka dubi fuskarta da kyau, in ka ga abin da bai yi maka ba ka tayar da kowa a gidan, ko da asirinka ne zai tonu. Ni na jira kwana uku don in rufe nawa, ga shi Umma ce ke biya.