Hannun Sarkin Ɗauri

Ranar Litinin, uku ga watan Maris, na fara ganinsa. Ina akawu a sashen binciken ma'adanai na jami'a, ya kawo takardar kama aiki, ya matse mini hannu har yatsuna suka yi ƙara. Kawunsa ne mataimakin shugaban sashe. Da can bakanike ne, kuma a gareji ya baro hankalinsa.

Aka ba shi kula da na'urar eksire. Ba irin ta asibiti ba ce. Ƙwayar dutse ake sakawa, ƙanƙanuwa kamar tsabar yashi, cikin ɗan gwangwanin ƙarfe mai tagogi biyu na lu'ulu'u, a ɗiga ruwa, a matse sannu a hankali, sannan a haska a ga yadda cikinta ke sauyawa. Sannu a hankalin nan ne bai taɓa shiga kansa ba. Shi a wurinsa noti abokin gaba ne. Ma'aikata suka sa masa Sarkin Ɗauri, ya ɗauka kirari ne.

Akwai wata ɗaliba da ta kusa shekara tana renon ƙwaya ɗaya tak a kwalba. Da ita za ta kammala digirinta, ga tallafin karatunta ya zo gangara. Ranar gwaji ta jera komai, sai malaminta ya aiko kiranta. Ofishina na jikin ɗakin, ina jin su.

"Yaya, don Allah kar ka taɓa. Ni zan ɗaure da kaina."

"Da wannan hannun naki kamar tsinken tsintsiya? Je ki, ƙanwata, ba na taɓawa."

Tana fita ya hangi ɗigon ruwa a kan tebur. Daga kofinta ruwan ya zubo, amma shi ya yanke cewa gwangwanin ne ke yoyo. Ya zaro sifanar da ba ya rabuwa da ita, ya kama notin gwangwanin. Na ji ƙas.

Lu'ulu'u biyun suka tsage, ƙwayar ta zama gari. Da ɗalibar ta dawo sai ta zauna a ƙasa.

A gaban kwamitin bincike da aka kafa, ni na ɗauki bayaninsa. Cewa ya yi, "Kayan zamani ba su da ƙwari, ranka ya daɗe. Ni taimako na yi."

Ɗalibar ba ta samu ƙarin lokaci ba, yanzu tana koyarwa a sakandare. Shi kuwa aka mayar da shi sito, daga baya aka yi masa ƙarin girma. Bara ya yi ritaya, sashe ya shirya masa walima.