Gefen Takardar da Na Yanke

Lokacin da abin nan ya faru, ina aikin kula da tsofaffi a gidajensu, ina zaune a unguwar Tompkinsville, can ƙasar waje. Ina da wani hali da har yau nake fama da shi: ba na iya ganin abu da datti ko a karkace in wuce. Aka tura ni wurin wata tsohuwa 'yar Japan da mijinta ya rasu, mantuwa kuma ta fara cin ƙarfinta. Mama nake ce mata. Tana da hotunan ƙasarsu, irin waɗanda ake sassaƙawa a katako, a shafa launi, a danna a takarda. Mijinta ne ya yi shekaru yana tara su, suna kwance a durowa.

Kullum bayan abincin rana sai ta sa in fito mata da wani guda ɗaya, shi ɗin dai ba wani ba. Gada ce cikin ruwan sama, mace ɗaya da lema tana tsallakewa, shuɗin kogi a ƙasa. Mu zauna muna kallo. Allah ya sani, har ƙamshin ƙasar Jos bayan ruwan farko nakan ji, in ga kamar ni ce matar nan, na kama hanyar gidan mahaifiyata. Ita kuwa Mama sai ta riƙa shafa gefen takardar da yatsa tana motsa leɓe. Na ɗauka tsufa ne kawai.

Gefen nan ya dame ni. Ya yi rawaya, ga wani ɗan jan hatimi, ga kuma 'yan layukan fensir da na ɗauka ƙazanta ce. Na ce a raina, abu mai kyau haka a bar shi cikin duhu? Na sayo firam a wani shago a unguwar Port Richmond, hoton ya fi shi girma, sai na sa almakashi na yanke gefen tas lokacin da Mama ke barcin rana. Guntayen na zuba a shara, na rataye mata hoton ina jin daɗin kaina.

A makon ne 'yarta ta kawo wani masanin irin waɗannan hotuna ya duba su. Da ya ga wannan, sai ya cire tabarau. Ya ce hatimin nan ne shaidar cewa bugun farko ne, yanzu ba mai iya tabbatarwa. Wannan bai kashe ni ba kamar abin da 'yar ta faɗa a hankali. Ashe fensir ɗin rubutun babanta ne, sunan da shi kaɗai yake kiran matarsa da shi, kuma shi ne rubutu na ƙarshe da Mama ke iya karantawa.

Ba su kore ni ba, kuma da sun kore ni da ya fi mini sauƙi. Na ci gaba da zuwa har Mama ta rasu. Kullum da rana in sauko mata da hoton, ta bi gefen gilashin da yatsa, ta ɗago ta tambaye ni ina rubutun ya tafi.

Na gane cewa niyya mai kyau ba ta isa ba, in ba a haɗa ta da tambaya ba. 'Yan'uwana masu aiki a gidajen mutane, don Allah kafin ku gyara abin da ba naku ba, ku buɗe baki ku tambaya. Ni tambaya ɗaya na ƙi yi, na raba tsohuwa da sunanta.