Gawayin Mai Masara

Ni mai haƙa ne. Karatuna bai wuce firamare ba, amma na san ƙasa, domin na haƙa rijiya, na haƙa fandishon gini, na haƙa salga. A shekarun da soja suka koma bariki, Abuja ta cika da aiki, duk inda ka duba ana yanka fili. Lokacin ne aka ɗauke mu, mu huɗu, mu taya wata malamar jami'a tono a wani tudu da ke bayan Jiwa. Dakta muke ce mata.

Tudun za a raba shi ne a gina gidaje. Wani dattijon Gbagyi ya dage cewa kakanninsa sun narka ƙarfe a wurin, shi ne aka ba Dakta ɗan lokaci ta duba. In ta nuna wurin tsoho ne ƙwarai, za a kewaye shi a bar shi. In ba haka ba, katafila ta shiga.

Ban taɓa ganin tono irin nata ba. Abin da zan haƙe kafin azahar sai mu yi mako a kansa, da cokalin magina da tsintsiya. Ta ce ƙasa kamar tabarmi ce da aka jibga, ta ƙasa ta riga ta sama zuwa. Ko tsingaron tukunya ba a ɗagawa sai ta auna zurfinsa ta rubuta.

A mako na uku muka tarar da gindin murhun narka ƙarfe, da ɗan gawayi a ƙarƙashinsa wanda bai cika tafin hannu ba. Ta hana kowa taɓawa, ta juyo gare ni.

"Malam, ka ga wannan? Tun ranar da itace ya mutu akwai abin da ke raguwa a jikinsa, kamar randa mai ɗiga, ba sauri ba jinkiri. Akwai na'urar da ke auna abin da ya rage, sai a san shekarunsa."

Na ce, "Dakta, ashe gawayi ma yana da takardar haihuwa. Ya fi ni."

Ta yi dariya, ta naɗe shi a takarda mai ƙyalli, ta yi rubutu a kai, ta ce in kai mota, wai ni ne mai natsuwa a cikinmu.

Motar tana ƙetaren rafi. A bakin rafin nan son sani ya kama ni, na buɗe ƙunshin in ga abin da ya bambanta shi da na gidana. Santsi ya kwashe ni. Da na miƙe, takarda ce kawai a hannuna.

Ba tsoron kora ya hana ni komawa ba, kunya ce. A bakin titi akwai wata mata 'yar Filato mai gasa masara. Na roƙe ta gawayi.

"Oga, mutane na sayen masara, kai gawayi? Za ka ci ne?"

Ta ba ni. Na murza shi da jar ƙasa, na naɗe yadda yake. A raina na ce, gawayi ai gawayi ne.

Sakamako bai zo ba sai bayan damina. Dakta ta tara mu a kan tudun, da dattijon. Ta ce na'ura ta nuna itacen na kwanan nan ne, ko ita ta girme shi. Watakila wani ya taɓa tona wurin ƙasa ta cakuɗe, ko kuwa hannunta ne ya yi kuskure. Ko ma mene ne, ba ta da abin da za ta kai ofis.

Dattijon ya ce, "'Yata, wato na'urarku ta ce ƙarya nake yi?"

"A'a Baba, ban ce ba."

Ina tsaye kusa da shi, har ina jin numfashinsa. Ban buɗe baki ba.

Bayan wasu shekaru ina haƙa kwata a Gwarinpa, sai ga ta ta tsaya sayen lemo. Ita ta gane ni. Muna gama gaisawa na faɗa mata komai, da laka a ƙafata. Sai ta ce:

"Malam, da ka faɗa a ranar, da mun ƙara tono. Ai ba za a rasa wani gawayin a gefen murhun ba."

Wannan ban sani ba, kuma ya fi mini ciwo. Ta ce ta yi shekaru tana zargin hannunta, yanzu ta huta da wannan. Ta yafe nata. Na dattijon kuwa, ta ce ba a hannunta yake ba.

Na je Jiwa ranar Lahadi, aka ce dattijon ya rasu tun bara. Ɗansa na samu yana gyaran doya, na gaya masa cewa na'ura ba ta ƙaryata mahaifinsa ba, gawayina ta auna. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce in zo in maimaita a gaban 'yan'uwansa, domin akwai waɗanda suka yi wa tsohon dariya. Na koma, na maimaita.

Tudun yanzu gida ne mai bene. Daidai inda murhun yake, ɗakin janareta ne.