Muryar Matata a Tsakiyar Waƙa

Ni mutum ne mai son a bi abu daki-daki, kuma haka na buɗe kamfanin waƙata a Sabon Tasha. Da farko na kama shago a bayan kasuwa, kusa da mai gyaran janareto. Sannan na manna katifu a bango don kada ƙarar keke napep ta shigo. Sai kwamfuta, sai makirufo, sai rajista. Kafin nan na daɗe ina haɗa wa wasu kiɗan rawa suna sa sunansu, ni kuwa ran Lahadi in koma kan piyano a coci. Na gaji da hakan.

Abu ɗaya ya rage. A sana'armu kowane mai haɗa kiɗa yana da tambarinsa, wato 'yar gajeriyar murya da ake sawa a farkon waƙa kafin ganga ta shigo, don a san daga hannun wa ta fito. Na ce matata ce za ta yi nawa.

Ta rufe rumfarta ta atamfa da rana ta zo. Na ce ta faɗi sunan kamfanin a hankali, ba dariya.

"Oga furodusa," ta ce, "ai fuskar nan taka ce ke ba ni dariya. Kamar mai karɓar haraji."

"Ki tsaya daidai. Kin matso makirufo da yawa."

"To, ranka ya daɗe."

Duk gwajin da ta yi, dariya ke ɓata shi. Da ta gaji sai ta gaya wa makirufon abin da take gaya mana ni da yara kowace safiya: "To, ku tashi mana, me kuke jira?" Na ce wannan ba tsari ba ne. Ta ɗauki jakarta ta ce iyakar abin da zan samu ke nan. A bakin ƙofa ta ƙara da cewa tana so a sa shi a manyan sifikun gidan biki, ta ga ko matan zumuntar coci za su yi mata biyayya.

Ba ta gani ba. Ciwo ya kama ta da damina. Kafin Kirsimeti mun kai ta ƙauye mun binne.

Ban taɓa kwamfutar ba sai bayan Ista. Na gama waƙar farko da muryarta a gaba, na raba wa masu DJ, kuma ta karɓu. Daga nan na shiga bin bukukuwa, har waɗanda ba a gayyace ni ba. In tsaya kusa da sifika in jira. Amma masu DJ suna da tasu al'adar. Ko su tsallake farkon waƙa su faɗa kan ganga, ko su rage sauti su yi ta kiran sunansu a wurin. Wurin nan kuwa nan muryarta take.

A wani biki a Kamazou na je na sami mai DJ ɗin.

"Ƙanena, in ka zo kan waƙata, ka bar ta daga farko. Kada ka yi magana."

"Ba matsala, Baba."

Da lokacin ya yi, ya kira sunansa a kanta kamar kullum. Na koma na tsaya a gabansa.

"Baba, yi haƙuri, baki ne ya saba," ya ce. "Farkon waƙa ai namu ne, nan muke talla. In kana so a ji abu, kada ka ajiye shi a bakin ƙofa."

Na koma shago na karya tsarina. Na cire muryar daga gaba na kai ta tsakiya, inda ganga ke ɗaukewa masu rawa su tsaya da ƙafa a sama. Ba mai DJ da zai taɓa wurin, don rawar za ta mutu a hannunsa. Na sake rabawa.

A garin Rido na ji ta, da la'asar, a ƙarƙashin rumfar biki. Ganga ta ɗauke. Muryarta ta fito da girma, har da 'yar dariyar da ta biyo baya. Matan zumunta da ke zaune da farantan shinkafa a cinya suka ajiye suka miƙe. Wata tsohuwa tana gyara ɗaurin zani ta amsa wa sifikar: "Ga mu nan, 'yar nan, ba sai kin yi faɗa ba."

Kowa ya tashi. Ni da na saba tsayawa kusa da sifika, ranar kujera na nema na zauna.