Usur ɗin Sumayya

Ard al-Liwa, takwas da kwata

Abin da na fara gani da muka isa gidan kakar Sumayya shi ne wani ɗan usur mai ruwan lemo, maƙale a zif ɗin rigar sanyinta. Tun bakwai saura muka bar unguwarmu Madinat Nasr ni da Yaya Bashir, ƙananan bas biyu da jirgin ƙasa na metro, ina ta tsara abin da zan ce mata. Shekara uku ke nan da suka koma Kanada. Kafin nan bencinmu ɗaya a makaranta. Da ta rungume ni usur ɗin ya tokare min ƙirji, duk abin da na tsara ya gudu.

Hanyar garin Oktoba

Tara da minti goma mota ta cika. Za mu wurin zamiya a kan ƙanƙara da ke cikin wani ƙaton mol mai tarin kantuna. Ba mu bar Giza ba Sumayya ta ciro waya. Ga ta a hoto a kan dutse fari fat, tana ratsa tsakanin dogayen itatuwa, ƙanƙara har gwiwa.

"Nan ba filin da kowa ke zuwa ba ne, bayansa ne, daji," in ji ta. "Gindin kowace bishiya akwai rami a ɓoye. In kika faɗa da ka, ba mai ganin ki. Shi ya sa bibbiyu ake shiga. Kina tafiya kina kiran sunan 'yar'uwarki. In ba ta amsa ba, ki tsaya ki busa usur. Tawa Megan ce."

Yaya Bashir ya ce, "Wato ku sanyin ma har daji kuke bin sa? Allah ya shirye ku."

Suka yi dariya. Ni ina kallon taga. Kafin mu sauka ta ambaci Megan sau goma sha ɗaya.

Cikin ƙanƙara, goma da rabi

"Ai wannan firij ne," in ji Sumayya. Ni kuwa shekara guda ina roƙon a kawo ni firij ɗin. Aka ɗaura mana dogayen allunan zamiya. Na faɗi sau huɗu a ƙaramin gangare na 'yan koyo. Ita ta sauko daga can sama kamar ruwa, mai koyar da mu ya bar ni a ƙasa yana cewa, "Ya salam!"

Na kwance allunan, na je bayan wata bukkar ado na zauna.

"Nusaiba!"

Na ji. Na yi shiru da gangan.

"Nusaiba!"

Bayan na uku sai usur. Ƙararsa ta cika wurin, kowa ya tsaya cak. Ta same ni tana haki.

"Ke! Kin ji ni?"

"Ai nan babu bishiya," na ce.

"Ba ruwana. Ba a yin haka. Ko fushi kike, sai ki amsa, daga baya ki ci gaba da fushinki."

Idonta ya yi ja, kuma ba sanyi ba ne. Na ce, "Ma'alish, yi haƙuri."

Komawa

Mun ci ta'amiyya, ƙosan garin, a tasha, motar ta tashi biyu da rabi. Ta yi barci a kafaɗata tun daga babban titi, ban motsa ba duk da hannuna ya mutu. La'asar ta same mu a ƙofar gidan kakarta, muka gode wa Allah. Yaya Bashir yana ta "yalla, yalla, mu tafi," ni ina riƙe da gefen hijabinta.

"Sumayya, in kin koma cikin itatuwan nan, in kin kira Megan ta amsa, ki kira nawa sunan ko sau ɗaya. Ki ɗauka a waya ki turo min. Zan amsa daga nan."