Ranar da Aka Rufe wa Malam Sakata Ƙofa

Duk wanda ya ratsa Sashen Turanci na jami'ar nan ya san ƙarar sakatar ajin da ke ƙasan bene. Wani tsohon ƙarfe ne mai tsatsa, kuma mutum ɗaya ne ke tura shi: malamin furucin Turanci, wanda tun kafin a haifi yawancin ɗalibansa aka laƙaba masa Malam Sakata. Ya san da sunan. Daɗinsa ma yake ji.

Yana shigowa zai ajiye jaka, ya dubi agogo, ya koma ya danna sakata. Wanda ya makara sai dai ya tsaya a baranda yana leƙe ta taga. "Ko mahaifina ne ya makara, a waje zai tsaya," in ji shi. Daga nan ya bi layi yana duba bakin kowa, wane fito da harshe, wance zagaye leɓe. A wurinsa Turanci a baki yake, ba a littafi ba.

Ya daɗe da yin ritaya, kwantiragi ne ke riƙe da shi, ana sabunta masa duk shekara. A gida kuwa ba shi da komai sai kujera da rediyo da matar da ta daina jin tsoronsa tun suna da sauran ƙuruciya. Ajin nan ne kaɗai inda zai yi gyaran murya mutane su nutsu.

Sai annoba ta zo, aka rufe jami'a, aka ce kowa ya koyar daga gida ta intanet. Malam ya ɗora tsohuwar kwamfutarsa a kan ƙamus biyu a teburin falo. Da farko ɗalibai ba abin da suke gani sai goshinsa da fankar sama. Shi kuma ba ya ganin kowa, sai baƙaƙen akwatuna masu sunaye. Daga wannan kukan jariri, daga wancan ƙarar janareta, daga can wata uwa na kwaɗa kira a zo a sauke tukunya. Ana shiga ana fita kamar tashar mota. Abinci ya fita ransa.

Wata safiya matarsa ta ji shi yana dariya shi kaɗai.

"Malam, lafiya? Ko zazzaɓin ne ya taɓa kan?"

"Na samo ta!" Ya nuna mata wani ɗan maɓalli a gefen allo. "Kulle ɗaki. Ashe masu abin nan sun san tarbiyya."

"Allah ya jiƙan 'ya'yan mutane," ta ce, ta koma kicin.

Daga ranar, darasi na farawa sai ya kulle. Ya kuma ce dole kowa ya kunna kyamara, don sai ya ga baki. Kyamara kuwa ba ta shiri da raunin sabis. Wanda layinsa ya yanke ya fita ke nan, ba dawowa, kuma a sa shi cikin marasa zuwa. Wanda rashin zuwansa ya yi yawa ba zai zauna jarrabawa ba. Akwai wadda daga barandar asibiti take shiga, mahaifinta na ciki ana ƙara masa iska. Sabis ya jefo ta waje, ta kira tana roƙo.

"Uzurin ɗalibi ba ya ƙarewa," in ji Malam.

Ya naɗa wakilin aji mataimaki, don ya riƙa kashe makirufon masu surutu, ya ja masa kunne a gaban kowa: "In na kulle, na kulle. Ko ni ne a waje, kada ka buɗe."

Koke ya kai kunnen Shugabar Sashe. Ta kira shi da ladabi ta ce za ta zauna a darasinsa kafin ta sa hannu a sabunta kwantiraginsa. Malam bai ji ko ɗar ba. Ya ma ji daɗi, za a ga yadda ake riƙe aji.

Ranar ya sha kwat da laƙtaye. Ya ga sunan Shugaba ya bayyana, ya gaishe ta da Turancin da ke fita ta hanci, ya danna maɓallinsa. Ya buɗe baki ke nan zai nuna inda harshe ke zama, aka ɗauke wuta. Batirin kwamfutar ya daɗe da rasuwa. Allo ya yi baƙi.

Ya zabura kicin ya fizge wayar matarsa, tasa ba ta iya irin wannan aiki. Da ƙyar ya lalubo ajin. Waya ta ce an kulle ɗaki. Ya sake dannawa. An kulle ɗaki. Ya ɗauko ƙaramar wayarsa ya kira wakilin aji.

"Kai, buɗe mini!"

"Ranka ya daɗe, wa ke magana?"

"Ubanka ne! Ba ka san muryata ba?"

"Na sani, Malam. To ai ka ce ko kai ne."

"Wuta aka ɗauke mini, yaron kirki!"

"Allah sarki. Mu ma haka take yi mana."

Sai ya ji dariya ta ɓarke can ciki. Ashe yaron ya buɗe muryar wayar kowa na ji. Ya saurara ko Shugaba za ta tsawata. Muryarta ta zo a sanyaye:

"Malam, kada mu karya maka doka a ajinka. Tunda ga ni ga su, bari in ji ta bakinsu."

Aka kashe wayar.

Ya zauna da kwat a falo, fanka a tsaye, gumi na bin laƙtaye. Yana danna wayar yana sake dannawa. Ya san a can ana magana, kuma ya san wadda za ta fara.

"Ka gama da wayata?" in ji matarsa daga ƙofar kicin. "Ko in kawo maka taga ka leƙa?"

Ba a sabunta kwantiragin ba. Shugaba ta kira ta gode masa da doguwar hidima, ta ce shekarunsa ma sun cancanci hutu a irin wannan lokaci. Waɗanda aka hana jarrabawa an ba su dama daga baya, amma shekarar ta riga ta tafi. Ita waccan ta asibiti ba ta dawo ba.

Da aka buɗe jami'a, Malam ya je mayar da makullin ofis. Ƙafarsa ta kai shi ƙasan bene. Wata matashiyar malama ce a ciki, an tokare ƙofar da kujera. Sakatar na nan, an shafe ta da fenti har ta manne. Ya tsaya a baranda yana kallo ta taga, yana ganin yadda ake furta kalmomi ba wanda ya fito da harshe.

Wani ɗalibi ya iso a makare, yana tafe yana gyara takunkumin fuska. Ya ga dattijo a tsaye, ya ɗan rusuna.

"Baba, shiga mana. Ai a buɗe take."

Malam ya dubi agogonsa. An daɗe da farawa. Ya gyara tsayuwa a bakin taga.